Gwamna ne, kuma shugaban kamfanin layin dogo: muhawara a kan Leland Stanford

Malam Isyaku:
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. A makon jiya Nura ya tambaye ni inda jami'ar Stanford ta Amurka ta samo sunanta, sai na ga ya fi kyau in kawo maganar nan, domin mai sunan ya isa a zauna a kansa. An haifi Leland Stanford ranar 9 ga Maris, 1824, a Watervliet da ke jihar New York. Ya koyi shari'a a ofishin wasu lauyoyi a Albany, kamar yadda aka saba a zamanin, ya sami izinin aikin lauya a 1848, sannan ya tafi Port Washington a jihar Wisconsin ya buɗe nasa ofishin. Ya auri Jane Lathrop a 1850. Bayan shekara biyu gobara ta cinye ofishin da littattafan shari'arsa, sai ya rabu da aikin lauya ya bi 'yan'uwansa zuwa Kalifoniya, inda duniya ta taru ana rububin haƙar zinariya. A can ciniki ya kama, yana sayar wa mahaƙa kayan masarufi, har ya koma birnin Sacramento a 1856 ya zama babban ɗan kasuwa mai sayar da sari. Yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar Republican a jihar. Ya nemi kujerar ma'ajin jiha a 1857 ya faɗi, ya nemi gwamna a 1859 ya faɗi, sai a 1861 ya ci, lokacin da jam'iyyar Democrat ta rabe biyu saboda yaƙin basasa, kuma ƙuri'un da ya samu ba su kai rabi ba.

Ga abin da nake so mu duba. Ranar 28 ga Yuni, 1861, aka yi wa kamfanin layin dogo na Central Pacific rajista, wanda zai shimfiɗa ɓangaren yamma na layin da zai haɗa Kalifoniya da gabashin Amurka, Stanford ne shugabansa. Wata uku ba su cika ba aka zaɓe shi gwamna, kuma bai ajiye shugabancin kamfanin ba har ya sauka daga mulki a Disambar 1863. Ni a ganina duk dukiyar da ta gina jami'ar nan daga wannan haɗin ta fito. Ina so in ji ra'ayinku.

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri. Ni ɗan kasuwa ne, saboda haka bari in fara da kare ɗan'uwana. Lokacin da injiniya Theodore Judah ke yawo da taswirarsa ta wannan layi yana neman masu zuba jari, attajiran San Francisco, waɗanda suka fi kowa kuɗi a yankin, ba su saurare shi ba, domin suna ganin ratsa duwatsun Sierra Nevada da layin dogo hauka ne. 'Yan tireda huɗu na Sacramento ne suka amsa: Collis Huntington da Mark Hopkins masu sayar da kayan ƙarfe, Charles Crocker mai sayar da yadi, sai Stanford mai kayan abinci. Babu ɗayansu da ya taɓa shimfiɗa ko taku ɗaya na dogo. Karafunan layin da kawunan jiragen duk daga gabashin ƙasar ake sayo su, a loda a jirgin ruwa, a zagayo ta ƙarshen Kudancin Amurka na tsawon watanni, ga yaƙi ya sa farashi ya yi tashin gwauron zabo. Da aikin ya rushe, da su ne za su talauce. Wanda ya sa wuyansa a abin da kowa ke gudu, idan ya ci riba bai kamata a yi masa baƙin ciki ba.

Barista Hauwa:
Alhaji, ina girmama maganarka, amma a duba wuyan wa aka sa. Abin da kowane ɗaya cikin su huɗun ya fara ajiyewa dala 1,500 ne, wato kashi goma cikin ɗari na hannun jarin da ya yi alkawarin saye. Babban kuɗin daga gwamnatin tarayya ya fito. Dokar da shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu ranar 1 ga Yuli, 1862, ta ba kamfanin rance ta hanyar takardun lamunin gwamnati na shekara 30: dala 16,000 kan kowane mil a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, dala 48,000 a cikin duwatsu, dala 32,000 a tudun da ke tsakanin manyan duwatsun. Ban da wannan akwai kyautar filaye a gefen layin, eka 6,400 kan kowane mil, wanda aka ninka a 1864.

To, tunda kuɗin dutse ya ninka na fili sau uku, sai tambaya ta zama a ina dutse ya fara. Masanin ma'adinai na jihar Kalifoniya, Josiah Whitney, ya ba da shaida cewa gindin Sierra Nevada yana wani rafi da ake kira Arcade, kimanin mil bakwai daga Sacramento, alhali duk mai ido yana ganin ƙasar a shimfiɗe take har tsawon mil da yawa bayan rafin. Lincoln ya amince. Whitney ma'aikacin jiha ne, gwamnan jihar kuwa shi ne shugaban kamfanin da zai karɓi kuɗin. A shekarar 1863 ɗin nan majalisar jiha ta ba gundumomin Sacramento da Placer da birnin San Francisco damar zuba kuɗin jama'a a kamfanin, gwamna ya sa hannu. Kuma a wannan shekara ya naɗa Edwin Crocker alƙali a kotun ƙolin jihar, shi kuwa wan Charles Crocker ne, kuma lauyan kamfanin. Alhaji, a wace kasuwa ake yin irin wannan ciniki, mai saye da mai sayarwa da alƙalin da zai raba gardama duk 'yan gida ɗaya?

Alhaji Garba:
Barista, rance kika ce, ba kyauta ba. An biya ko ba a biya ba?

Barista Hauwa:
An biya, Alhaji, kuma adalci ne in faɗa. Rancen ya kusa dala miliyan 28, da kuɗin ruwa ya haura miliyan 58, aka daidaita a 1899 aka gama biya a 1909. Sai dai lokacin duk su huɗun sun rasu ko sun kusa, domin Huntington da ya fi su daɗewa ya rasu a 1900. Hanyar da suka yi arziki ba ta jiran ribar jirgi. Sun kafa kamfanin gini nasu na kansu, da farko da sunan Charles Crocker, daga baya da sunan Contract and Finance Company, sai su zauna a kujerar Central Pacific su ba wannan kamfani kwangila a farashin da suka ga dama. Bashi ya zauna a wuyan kamfanin jirgin, riba ta zarce aljihun mutum huɗu. Da aka zo bincike, littattafan lissafin kamfanin ginin sun yi ɓatan dabo. A 1887 gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ya binciki kamfanonin, aka tambayi Stanford ko an kashe wasu kuɗaɗe wajen saye 'yan majalisa, ya ƙi amsawa. Aka kai magana kotu, alƙali Stephen Field ya yanke hukuncin cewa ba za a tilasta masa ba. Field abokin Stanford ne, Stanford na cikin waɗanda suka goya masa baya ya hau kotun ƙolin Amurka a 1863, kuma yana cikin amintattun jami'ar da Stanford ya kafa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Injiniya Bello:
Ina neman izinin manya in sa baki ta fuskar aikin kansa, domin ina jin tsoron kada maganar kuɗi ta rufe mana girman abin da aka yi. An fara haƙa a Sacramento ranar 8 ga Janairu, 1863, Stanford da kansa ya ɗebi ƙasar farko da shebur a matsayinsa na gwamna da shugaban kamfani. Daga nan zuwa inda aka haɗu da layin Union Pacific, kamfanin da ya taso da nasa layin daga gabas, mil 690 ne, amma wahalar duk tana cikin mil ɗari da 'yan kai na farko. Sai da aka huda duwatsu aka yi hanyoyin ƙarƙashi 15. Mafi tsawo, wanda ke ƙololuwar dutsen, ƙafa 1,659 ne a cikin dutse mai taurin gaske, har ta kai wata rana ana kwana ana aiki ba a ci gaba da fiye da ƙafa ɗaya ko biyu ba. Don a gaggauta sai aka haƙa rijiya daga saman dutsen zuwa tsakiya, ana sara ta fuska huɗu lokaci guda. Da albarushi ya gaza sai aka koma wata nakiya mai ruwa da ake haɗawa a wurin, wadda ɗan girgiza kaɗan kan sa ta tashi. A hunturun 1866 zuwa 1867 dusar ƙanƙara ta rufe sansanonin ma'aikata, suka riƙa zirga-zirga ta ramukan da suka haƙa a cikinta, wasu kuma ta zubo daga kan dutse ta binne su.

Abin da zan ƙara shi ne Stanford ba shi ne mai wannan aiki ba. Taswira ta Judah ce, shi kuwa ya saɓa da su huɗun, ya kama hanyar gabas don neman waɗanda za su saye hannun jarinsu, zazzaɓin shawara ya kama shi a Panama, ya rasu a New York a Nuwambar 1863 yana da shekara 37. Charles Crocker ne ke kan ma'aikata, Hopkins na riƙe da lissafi, Huntington na gabas yana neman kuɗi da sayen kaya da bin 'yan majalisa. Rabon Stanford shi ne siyasar Kalifoniya da tsayawa gaban jama'a.

Malama Rabi:
Injiniya ya ce ma'aikata bai faɗi ko su waye ba, kuma nan ne ni abin ya fi ci mini rai. Ranar 10 ga Janairu, 1862, aka rantsar da Stanford, a tsakiyar ambaliyar da ta mamaye Sacramento har sai da ya je wurin rantsuwar a kwalekwale. A jawabinsa na wannan rana ya kira mutanen Asiya ƙasƙantacciyar al'umma, ya ce ya kamata a bi duk hanyar da doka ta yarda a hana su zama a jihar. Shekara uku bayan haka, da Turawan ma'aikata suka riƙa gudu zuwa wuraren haƙar azurfa a Nevada, kamfaninsa ya fara ɗaukar Sinawa bisa shawarar Crocker, ko da yake shugaban leburori James Strobridge ya ƙi da farko yana ganin ba su da ƙarfi. Kafin a gama aikin, cikin kowane ma'aikata goma takwas ko tara Sinawa ne, sun haura dubu goma. A 1865 Stanford ɗin nan ya rubuta wa shugaba Andrew Johnson rahoto yana yabonsu da haƙuri da ƙwazo da tattali, yana cewa ba don su ba ba za a iya gama ɓangaren yamma a kan lokaci ba.

Yabon bai kai ga albashi ba. Ana biyan Basine tsakanin dala 26 zuwa 35 a wata ya ciyar da kansa, Bature kuwa ana ba shi albashi a kuma ba shi abinci da wurin kwana. A watan Yunin 1867 dubban Sinawa suka shiga yajin aiki suna neman dala 40 da rage sa'o'in aiki, musamman a cikin ramukan dutse. Ba su fasa komai ba, ba su taɓa kowa ba, zama kawai suka yi a sansanoninsu. Crocker ya hana a kai musu abinci, a kan dutse inda babu kasuwa, cikin kimanin mako guda yunwa ta mayar da su bakin aiki. Kamfanin bai ma ajiye lissafin waɗanda suka mutu a cikinsu ba. Ranar 10 ga Mayu, 1869, da aka haɗa layukan biyu a Promontory cikin yankin Utah, Stanford ne ya riƙe guduma, aka buga wa duk ƙasar tangarahu cewa an gama, kuma shahararren hoton taron cike yake da Turawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1882 majalisar Amurka ta yi dokar hana leburorin Sin shiga ƙasar na tsawon shekara goma.

Alhaji Garba:
Malama, wannan ba ni da bakin kare shi. Hana ma'aikaci abinci don ya nemi ƙari zalunci ne a kowane zamani, kuma ko a kasuwa mun san haƙƙin ɗan dako ba ya kwana. Abin da na tsaya a kai shi ne amfanin da ƙasa ta samu. Tafiyar da ake yi wata huɗu zuwa shida da keken shanu, ana mutuwa a hanya, ta koma ta kimanin mako guda. Manomin Kalifoniya ya sami hanyar kai amfaninsa gabas. Mutum zai iya zama azzalumi a wani wuri, ya kuma zama sanadin alheri a wani wuri.

Barista Hauwa:
Tunda Alhaji ya ambaci manomi, a tambayi manoman Mussel Slough. Su huɗun nan sun mallaki kamfanin Southern Pacific suka shimfiɗa layi ta kwarin San Joaquin, aka gayyaci mutane su zauna a filayen da gwamnati ta ba kamfanin, da takardun talla masu nuna za a sayar musu daga dala biyu da rabi kan eka. Mutane suka zauna, suka haƙa magudanan ruwa, busasshiyar ƙasa ta zama gona. Da lokacin sayarwa ya zo sai kamfanin ya sa farashin da ya ninka wancan sau da yawa, wato ya sayar musu da gumin kansu. Kotu ta ba kamfanin gaskiya. Ranar 11 ga Mayu, 1880, aka zo fitar da wasu daga gonakinsu kusa da garin Hanford, aka yi harbe-harbe, mutum bakwai suka mutu. Kuma tunda babu wani layi sai nasu, kuɗin dakon kaya abin da suka yanka ne. A 1883 aka karanta wasiƙun Huntington a kotu, cikin ƙarar da matar marigayi David Colton, abokin kasuwancinsu, ta shigar, jama'a suka ji yadda yake maganar 'yan majalisa kamar mai taya kaya a kasuwa.

Nura:
Ina gaida iyayena da malamaina. Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutumin da ake zargi haka, ta yaya jama'a suka sake zaɓensa sanata? Kuma Malam bai kai ga labarin jami'ar ba, wanda shi ne asalin tambayata.

Malam Isyaku:
Nura, jama'a ba su zaɓe shi ba. A lokacin majalisar dokokin kowace jiha ce ke zaɓen sanatocinta, sai a 1913 aka gyara tsarin mulki aka mayar da zaɓen hannun talakawa, kuma kamfanin jirgin yana da ƙarfi ƙwarai a majalisar Kalifoniya. Ya shiga majalisar dattawa a 1885, aka sabunta masa a 1891. Wannan kujera ce ta raba shi da Huntington, domin Huntington ya riga ya tsayar da nasa mutumin, Aaron Sargent, sai Stanford ya shige gaba. Huntington ya haɗiye fushin shekara biyar, a 1890 ya tumɓuke shi daga shugabancin Southern Pacific ya hau, yana sukarsa a bainar jama'a da cewa ya yi amfani da kamfani don siyasarsa. Wanda ya karanta wasiƙun da Barista ta ambata zai yi murmushi da jin wannan daga bakin Huntington. A majalisa Stanford ya kawo ƙudurin tallafa wa ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata, da wani na ba manoma rance da ruwa kashi biyu cikin ɗari bisa jinginar gona, amma babu wanda ya zama doka.

Jami'ar kuwa daga rashi ta fito. Shekara 18 suka yi da aure kafin Allah ya ba su haihuwa, aka haifi Leland ƙarami ranar 14 ga Mayu, 1868, kuma shi kaɗai ne ɗansu. Suna yawon buɗe ido a Turai zazzaɓin taifot ya kama shi, ya rasu a birnin Florence na Italiya ranar 13 ga Maris, 1884, saura wata biyu ya cika 16. Iyayen suka yanke shawarar abin da suka tanada masa ya koma ga 'ya'yan wasu. A Nuwambar 1885 suka sa hannu a takardar kafa jami'a, suka ba da gonar dawakinsu ta Palo Alto mai eka fiye da 8,000 da sharaɗin ba za a taɓa sayar da ita ba. Aka aza harsashi ranar 14 ga Mayu, 1887, ranar haihuwar yaron, aka buɗe ranar 1 ga Oktoba, 1891, da ɗalibai 555. Saboda haka sunan na ɗan ne, cikakken sunan jami'ar yana ɗauke da kalmar da ke nufin ƙarami. Ta karɓi maza da mata tun ranar farko, ba ta ƙarƙashin wata ɗariƙar coci, kuma ba a biyan kuɗin makaranta sai a 1920. Cikin ɗaliban farko akwai wani maraya mai suna Herbert Hoover, wanda ya zama shugaban Amurka a 1929.

Malam Habibu:
Allah ya gafarta Malam, na daɗe ina sauraro. Abin da aka bayyana, fili da aka tsare ba a sayarwa, ana cin amfaninsa don ilimi, shi ne mu muke kira waƙafi, kuma babu mai musun cewa ɗaliban da suka yi karatu kyauta sun amfana. Sai dai a wurinmu an ce Allah mai tsarki ne ba ya karɓar sai mai tsarki, kuma malamai sun ce wanda ya san mai haƙƙi, mayar masa da haƙƙinsa shi ne a gaba, ba sadaka ga wani ba. Na san Stanford ba Musulmi ba ne, ba da ma'auninmu ya rayu ba, kuma hisabinsa ba a hannunmu yake ba. Amma tambayar kowane mai hankali zai iya yi: lokacin da ake aza harsashi a 1887, Sinawan da aka hana abinci a 1867 da yawansu suna raye a Kalifoniya, manoman kwarin nan ma suna nan. Ya san inda suke.

Alhaji Garba:
Malam Habibu, gaskiya ne, amma a haɗa shi da takwarorinsa. Attajirai nawa ne na zamaninsa suka tara irin wannan dukiya ta irin wannan hanya, suka bar wa magada suka cinye a gidaje da liyafa? Ni na ga mutumin da mutuwar ɗa ta girgiza, ya waiwayi 'ya'yan talakawa. Ba na cewa ta wanke shi, ina cewa a rubuta masa ita.

Malama Rabi:
A rubuta, Alhaji, amma a rubuta rabin ga matarsa. Stanford ya rasu ranar 21 ga Yuni, 1893, jami'ar ba ta cika shekara biyu ba, a daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Aka tarar dukiyar tana cikin sarƙaƙiya, gwamnatin tarayya kuma ta shigar da ƙara tana neman dala miliyan 15 daga gadonsa a matsayin rabonsa na bashin layin dogo, aka ɗaure komai. Aka shawarci Jane ta rufe makarantar, ta ƙi. Kotun gado ta yanka mata dala 10,000 a wata don hidimar gida, sai aka lissafa malaman jami'ar cikin masu yi mata hidima, ta riƙa biyansu daga ciki tana rage nata kashe-kashen. Sai a Maris na 1896 kotun ƙoli ta kori ƙarar gwamnati. Ba ina nufin ita ma ba ta da nata ba: a 1899 ta taƙaita yawan ɗalibai mata zuwa 500, a 1900 kuma ta sa aka kori farfesa Edward Ross wanda ra'ayoyinsa ba su yi mata daɗi ba, wasu malamai suka ajiye aiki don nuna fushi. Amma ba don taurin kanta ba, da yau Nura bai ji sunan ba balle ya yi tambaya.

Injiniya Bello:
Akwai abu guda da za a ba Stanford shi kansa, domin nan ne sha'awarsa ta gaskiya take. Mutum ne mai son dawaki ƙwarai, kuma yana so ya tabbatar ko akwai lokacin da doki mai gudu ke ɗaga ƙafafunsa huɗu duka daga ƙasa, abin da ido ba ya iya kamawa. Ya ɗauki mai hoto Eadweard Muybridge ya ba shi kuɗi da wurin gwaji. A watan Yunin 1878, a gonar Palo Alto, aka jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa, kowace ta ɗauki hoto lokacin da dokin ya gifta ta gabanta. Hotunan suka nuna lallai yana barin ƙasa, amma lokacin da ƙafafun suka dunƙule a ƙarƙashin cikinsa, ba a miƙe gaba da baya kamar yadda masu zane suka saba yi ba. Wannan gwaji yana cikin tushen hoto mai motsi. Sai dai ko nan ma halin bai ɓuya ba, domin da aka buga littafin binciken a 1882 da kuɗin Stanford, ba a sa sunan Muybridge a matsayin mai aikin ba, ya kai ƙara ya sha kaye.

Barista Hauwa:
Injiniya ya ƙarasa mini magana ba tare da ya nufa ba. Judah, Sinawa, Muybridge. Ni dai ban ɗauki Stanford ƙwararren lauya ba, shekara huɗu kawai ya yi a ƙaramin gari. Abin da karatun shari'a ya koya masa shi ne inda doka take da ƙofa, da kuma amfanin sanin mai riƙe da mabuɗin. A 1886 ma, a shari'ar gundumar Santa Clara da Southern Pacific kan haraji, aka rubuta a saman hukuncin kotun ƙoli cewa kamfani yana da kariyar gyara na 14 na tsarin mulki kamar mutum, gyaran da aka yi bayan yaƙin basasa don kare bayin da aka 'yanta.

Nura:
Na gode ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe, Malam: ƙusar zinariyar da ake cewa an kafa a Promontory tana nan a jikin layin har yanzu?

Malam Isyaku:
A'a, Nura, ko kwana ba ta yi a wurin ba. An riga an huda rami a jikin wani gogaggen katako na musamman, aka zura ta a ciki don biki, da aka watse aka zare ta aka cire katakon, aka sa katako irin na kowa da ƙusar ƙarfe. Katakon bikin ya ƙone a gobarar da ta biyo bayan girgizar ƙasar San Francisco a 1906, ƙusar kuwa tana gidan adana kayan tarihi na jami'ar Stanford. A bikin cika shekara 100 da aka yi a 1969, sakataren sufurin Amurka John Volpe ya yi jawabi yana tambayar wa zai iya huda waɗannan duwatsu in ba Amurkawa ba, alhali wakilan Sinawa suna zaune a wurin. A 2012 malaman jami'ar Stanford suka fara wani aikin bincike don tattara tarihin waɗannan ma'aikata, a 2014 kuma ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta sa su a jerin waɗanda take karramawa.